Kwandon da Inna Ta Kifa wa Barkono

Har yau idan na shiga gida na tarar an kife baƙuwar kaza da kwando, zakaran gidan kuma yana zagaya ta yana jan fiffike a ƙasa, sai in ji fushi ya taso mini. Mutane suna cewa ina da saurin fushi, kuma ban taɓa musu ba. Amma wannan fushin na san inda na samo shi. A Furfuri ne, gidan kakata, ina 'yar shekara tara.

Inna muke ce mata, ita ta haifi mahaifiyata. Da mahaifiyata ta rasu a Tsafe, babana direban babbar mota ne, ba ya kwana biyu a gida, sai aka yanke shawara a kai ni wajen Inna. Kayana ƙullin zane ɗaya ne, sai kwali mai huda-huda da na rungume tun daga tasha har ƙofar gida. A cikin kwalin akwai kaji biyu na mahaifiyata, ɗaya fara, ɗaya wake-wake. Kwanoni da gado da tabarmi duk an raba, kajin ne kawai babu wanda ya kula da su, shi ya sa suka zama nawa. Ni kuwa a wurina sun fi gadon, domin da hannunta take watsa musu tsaba kullum da safe, kuma sun san muryarta.

Gidan Inna ba shi da girma. Ɗakuna uku ne, da rumbu, da akurkin ƙasa a jikin katanga, da rumfar kara inda murhu yake. A rumfar nan ake komai. Idan an yi sallar magariba an ci tuwo, Inna ba ta bari wuta ta mutu. Sai ta ƙara kara biyu, yaran maƙwabta su shigo ɗaya bayan ɗaya su zauna a kan buhu, ita kuma ta miƙe ƙafafu ta jingina da turmi. Ƙarshen damina ne lokacin, masara ta nuna, muna gasawa muna ƙona yatsu. Inna ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take yi, "Ku matso, ga ta nan tafe, ko takalmi ba ta da shi." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri." Kafin a kira isha'i ta gama, kowa ya kama hanyar gidansu.

Mutum na uku a gidan shi ne Kawu Sani, autan Inna, ƙanen mahaifiyata. Ya kai shekara ashirin da biyar bai yi aure ba, kuma abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne zakaransa. Barkono sunan zakaran. Ja ne wur, dogo, ƙafafunsa kamar na zabo, ga ƙaho a bayan kowace ƙafa mai tsini. Mutanen unguwa har aronsa suke zuwa yi don su sami iri, Kawu kuwa ya riƙa hura hanci kamar shi ya halicce shi. Barkono ya taɓa fasa wa ɗan maƙwabta goshi, ya kori agwagwar Inna har ta bar gidan, amma duk abin da ya yi sai Kawu ya yi dariya ya ce ai namiji ke nan.

A garin, idan an kawo baƙuwar kaza, kife ta ake yi da kwando a tsakar gida kwana uku, a sa mata ruwa da tsaba, don ta san gida kada ta ɓata, kajin gida kuma su saba da ganinta. Haka aka yi wa nawa. Kwana ukun nan Barkono bai bar gindin kwandon ba, yana zagayawa yana leƙe ta ƙofofin saƙar. Rana ta huɗu da hantsi Kawu ya ɗaga kwandon. Farar ce ta fara fitowa, tana taka ƙasa a hankali. Ko taku biyar ba ta yi ba ya dira a kanta. Ba irin hawan da zakara ke yi wa kaza ba ne, na san wannan, a cikin kaji na tashi. Danne ta ya yi yana sarar kanta, yana sara, gashi na tashi. Na yi kururuwa na ɗauki muciya, Kawu ya riƙe mini hannu yana dariya.

"Ke Luba, bar shi. Gaisuwa ce yake mata."

Kafin in ƙwace, idonta ɗaya ya fashe, jini ya rufe mata kai. Wake-waken ta ruga ta maƙale a bayan rumbu, Kawu ya kamo ta ya mayar ƙarƙashin kwando, ya ce ta ƙara kwana uku, ko wata ne ma ta yi, don amfaninta ne. Farar ta kwana biyu ba ta ci ba ta sha, ƙudaje sun dame ta. A rana ta uku Kawu ya ce kada ta zama mushe, ya yanka ta a bakin magudanar ruwa, aka yi miyar kuka da ita. Na ƙi cin tuwon. Ina zaune ina kallonsa ya ɗauki cinya ya tsotse ƙashin tas. Wallahi shekara talatin da wani abu ke nan, amma idan na tuna ƙarar tsotsar nan sai raina ya ɓaci kamar yau aka yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shirun Inna. Tana gani, ba ta ce uffan ba. Na ce a raina, to, ashe ita ma ɗanta ta sani, ni da kazata baƙi ne. Saura ɗaya ta rage mini daga hannun mahaifiyata, kuma gobe kwana ukunta ke cika, Kawu zai sake ɗaga kwando.

Da magaribar ranar, Kawu ya sa hula zai fita majalisarsu, sai Inna ta ce, "Sani, zamna ka gasa muna masara, hannuna na ciwo." Ya zauna yana gunaguni. Yara suka taru. Ni na koma can nesa da wuta na juya musu baya, amma kunnena yana wurin.

Ta ce a tsohon garin 'Yandoto an yi wata mata mai saƙar kwando, tana da zakara wanda babu irinsa. Idan ya yi cara har ƙauyukan gefe suna tashi, matar kuwa duk inda ta zauna maganarsa take yi. Wata rana ta sayo kaza, zakara ya sare ta. Matar ta ce, ayya, bari in ɓoye ki ki huta, ta saƙa kwando ta kife kazar. Ta sayo wata, ya sare ta, ta saƙa wani kwandon. Haka haka har tsakar gida ta cika da kwanduna, babu wurin shanya. Da zakara ya rasa kazar da zai sara, sai ya koma kan ɗan akuya. Matar ta saƙa babban kwando ta kife ɗan akuya. Ya koma kan jikanta mai rarrafe, ta kife jikan, tana tura masa fura ta ƙasa.

Yara suka fashe da dariya. Inna ba ta yi ba. Ta ce, "Ku yi dariya, ita ma dariya taka yi. Kowa ya zo ya ce mata zakaranki ya yi yawa, sai ta ce halinshi ne, jini gare shi."

Ta ce rannan da safe matar ta fito da ƙwarya, zakara ya tashi sama ya sare ta a kunci. Ta zauna ta kwana bakwai tana saƙa kwando mafi girma da ta taɓa yi, ta shiga ciki ta ja shi ta rufe kanta. Gida ya zama na zakara shi kaɗai, yana taku a tsakanin kwanduna. Ana nan sai ga wata mai tallan nono ta yi sallama. Ta ji murya daga ƙarƙashin kwando tana cewa, shigo, amma ki nemi kwando ki shiga tukuna. Mai nono ta sauke ƙwaryarta ta dubi gidan, ta tambaya kwando nawa ne a nan. Matar ta ce arba'in da ɗaya. Mai nono ta ce, baiwar Allah, ai guda ya ishe ki. Ta ɗauki mafi ƙanƙanta ta kifa wa zakara, ta ɗora dutse, ta bi sauran tana ɗagawa.

Wani yaro ya ce, "Sai suka gudu suna murna."

Inna ta ce, "Ina fa. Ba wanda ya motsa. Kowace kaza ta zamna cikin zoben da kwando ya bari a ƙasa, ɗan akuya ya zamna, yaron da anka kife yana rarrafe ya girma bai koyi tafiya ba. An ɗauke kwando, amma su ba su san an ɗauke ba." Ta juya masarar da ke gabanta, ta ce, "Ta ƙare. Na naɗe ta na cusa ƙarƙashin tabarma, wanda ta cije shi ya sosa."

Babu wanda ya yi dariya. Kawu ya bar masara biyu suka ƙone ƙurmus. Ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce, "Inna, in da ni kike, ki faɗa mini kai tsaye." Ta ce, "Da kai nike, kuma da ni nike. Ni na saƙa kwando na farko a gidan ga, tun kana goye."

Washegari da sassafe, kafin a buɗe akurki, Inna ta tashe ni. Ta zura hannu ta kamo Barkono ta ƙafafu tun yana magagin barci, ta ce in ɗaga kwandon da ke kan kazata. Ta cusa shi ciki, ta kife, ta ɗora ɗan dutsen niƙa a kai. A tsakiyar gida ta ajiye shi, inda zai ga kowa kowa ya gan shi. Ta sa masa ruwa da dawa daidai yadda aka sa wa nawa, ba ta rage masa ko ƙwaya ba.

Kawu ya fito da buta ya tsaya cak.

"Inna, Barkono ne fa. Mutane na shigowa gidan nan. Ki ce a ga zakarana a kife kamar mai kwanci?"

"Kwana bakwai zai yi."

"Ita baƙuwar ce ya kamata ta koyi zama da na gida."

"Mi za ta koya a cikin kwando? Ita wa ta sara?"

Ya yi jifa da butar, ya fita, kwana biyu bai ci abincin gidan ba. Inna ta riƙa zuba masa tana rufewa, da safe ta ɗumama ta ba ni. Ban taɓa cin ɗumame mai daɗin wannan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Amma kazata ba ta tashi ba. An ɗauke kwando, ga fili, ga tsaba, ita kuwa ta lafe a wurin da aka kife ta, cikin zoben da bakin kwandon ya zana a ƙasa. Har azahar tana nan. Inna ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Kin gani? Kwana shida kawai ta yi." Sai da la'asar ta miƙe ta je bakin kasko ta sha ruwa. Tsofaffin kajin gidan suka ɗan tsattsage ta, na zabura, Inna ta riƙe ni. Ta ce wannan na kaji ne, kowace tana nuna mata wurinta, kwana biyu zai wuce, kuma ba a fitar da jini. Haka kuwa aka yi. Kafin kwana bakwai su cika tana tono tare da su, tana kwana a akurki, Barkono yana kallo ta ƙofofin saƙa yana cara babu mai kula shi.

Ranar da aka sake shi ya yi kanta da gudu. Inna tana tsaye da kwandon a hannu, ta sake kife shi, kwana uku. Ta gaya wa Kawu a gabana cewa idan ya ƙara na uku, tukunyar da ta ci farar kaza ba ta ƙoshi ba. Bai ƙara ba. Da ya fito karo na biyu sai ga shi yana tono yana kiranta ta zo ta ci. Wake-waken nan ta yi mini ƙyanƙyasa tara a zubin farko, kuma jikokinta suna gidan har bayan rasuwar Inna.

Na girma, na yi aure a Gusau, ina koyarwa a firamare, ina kiwon kajina a bayan gida. Na zama mai wa'azin kwando. Duk maƙwabciyar da ta sayo kaza sai na je na tsaya a kanta ina faɗa, a kife zakara, a bar baƙuwa ta sha iska. Har suna tsokanata da shi. Ina ganin na riƙe karatun Inna fiye da kowa, ina kuma jin daɗin kaina a kan haka.

Bara ƙanena da muke uba ɗaya ya rasu a Tsafe, aka kawo mini 'yarsa Asma'u, shekararta goma sha ɗaya, da jakar leda ɗaya. Ina da ɗa namiji guda, Nura, shekara goma sha biyar, shi kaɗai Allah Ya ba ni. Tun ranar farko ya sa mata ido. Idan ta zauna a tabarma ya ce wurinsa ne. Idan ta sa hannu a kwano ya ce tana ci kamar wadda aka sako daga daji. Ya kira ta 'yar ƙauye, ya kwaikwayi maganarta, rannan ya shure mata kwano miya ta zube a zanenta. Na yi masa faɗa irin na baki, shi ma ya san na baki ne. Ita kuma na ja ta gefe na ce, "Asma'u, ki riƙa cin abincinki a ɗaki, ki huta da fitinarsa. Idan yana falo ki bari sai ya fita." Ta ce to, Mama. Gida ya yi shiru, na ce alhamdu lillahi an zauna lafiya. Idan ƙawayena sun zo har cewa nake yi Nura akwai zuciya, ba ya ɗaukar raini, ina faɗa ina murmushi.

Wata uku muna haka. Sai na je Tsafe ranar kasuwa na sayo kaji uku. Washegari da safe na kamo zakarana na kifa masa kwando na ɗora bulo, na saki baƙin. Ina tsaye ina kakkaɓe hannu, sai na ji murya daga bayana. Asma'u ce a bakin ƙofar ɗaki, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, da kofin kokonta a hannu.

"Mama, me ya sa shi aka rufe? Ai su ne baƙi."

Ko tunani ban yi ba, bakina ya saba. Na ce, "Me za su koya a cikin kwando? Su wa suka sara?"

Ta dubi zakaran, ta dubi kajin, ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Sai muka ji takun Nura yana fitowa daga wanka, ta ja ƙafarta ta koma ciki ta tura ƙofa.

Na tsaya a tsakar gida kamar an watsa mini ruwan zafi. Duk fushin da na yi shekaru ina ajiye wa Kawu Sani, ranar ya juyo kaina, kuma ya fi na da zafi. Shi Kawu ko ba komai saurayi ne marar hankali, kuma kaza ya cuta. Ni fa? Ni ce na rungumi kwali daga Tsafe zuwa Furfuri. Ni ce na zauna bayan wuta ina jin tatsuniyar da aka yi saboda ni. Na haddace ta, na koyar da ita gida-gida, sannan aka kawo mini marainiya daga garin da aka ɗauko ni, na kife ta, na bar nawa zakaran yana taku.

Da magariba na shimfiɗa tabarma na kira Asma'u ta fito. Nura ya ja tsaki. Na ɗauki kwanonsa da hannuna na kai zaure na ajiye, na ce nan zai ci har kwana bakwai, falo kuma ba nasa ba ne sai ya iya zama da mutane. Ya ce, "Mama, a kan wannan?" Na ce a kanta, kuma idan ya ƙara za a ƙara. Babansa ya ce in bi a hankali, yaro ne, za su saba. Na ce masa wata uku na ba su su saba, ita kaɗai ta saba, da ɗaki.

Nura ya yi kwana bakwai ɗinsa, ya ƙara uku, yanzu ya yi laushi. Jiya ma na ga yana nuna mata lissafi. Shi nasa mai sauƙi ne, Inna ta riga ta nuna mini yadda ake yi.

Asma'u ce har yau ba ta gama fitowa ba. Tana zuwa tabarma, amma a can bakin gefe take zama, kwano a kan cinya, kuma kafin ta kai loma baki sai ta dubi ƙofa. Kullum sai na ɗauki kwanon na ajiye a tsakiya na ce ta matso. Ta matso, gobe kuma ta koma gefe. Kazata kwana shida ta yi a kife, ta wuni guda kafin ta tashi. Ita wannan wata uku na yi mata, kuma ba da kara na saƙa nata ba, da bakina na saƙa shi, ina ce mata ta huta.